Mijin da Ke Zuwa Bayan Soyayyen Kifi

Duk wanda ya taɓa shiga shagon gwanjon nan na Great Junction Street, a unguwar Leith da ke can ƙasar Turawa, ya san Senga Kinnear ko da bai san sunanta ba. Ita ce 'yar guntuwar matar nan mai jan gashi na rini, wadda da ka ɗaga riga kana juya ta za ta ce daga bayan teburinta, ko ɗagowa ba ta yi ba, "Ba za ta shige ka ba, ajiye." Abin haushin, in ka yi taurin kai ka gwada, ba za ta shige ka ɗin ba. Kayan shagon kyauta mutane ke kawowa, a sayar a taimaki wani gidan kula da tsofaffi, kuma rabinsu na mamata ne. Senga ba ta damu ba. Takan ce mamata sun fi masu rai kunya, domin su ba sa dawowa su ce sun fasa bayarwa.

Tare suke aikin da Netta, yayar mijinta. Netta doguwa ce mai ƙashi, ta binne miji ɗaya ta kori ɗaya, kuma tun ranar da ƙaninta Gordie ya kawo Senga gidansu take kiran ta Amarya. Gordie ya mutu tun 1993, Amarya ta haura hamsin, amma sunan yana nan daram.

Kowace safiya kafin a buɗe ƙofa, Netta za ta ɗora butar shayi a ɗan ɗakin baya, ta zauna a kan buhun kaya, ta gyara gilashinta.

"To, Amarya, ya zo?"

"Ya zo."

"Da wace shiga kuma?"

"Kwat ɗin aurenmu da gajeren wandon ƙwallo. Wai an ba shi aikin tuƙa bas."

"Gordie? Wanda keke ma sai da ya shiga kogi da shi?"

"Na tuna masa. Ya ce a can ba a tambayar lasisi. Bas ɗin kuwa cike da 'yan unguwa, har da Shona Doguwa da ta mutu wata ɗaya da shi. Kowa na ihu ya tsaya, shi kuwa sai waƙa yake yi."

"Ya tambaye ni?"

"Ya ce ki daina zana girar nan, kin koma kamar mai mamaki."

"Ɗan banza! Ko a kabari bakinsa bai mutu ba."

Sai Netta ta yi ta dariya tana share ido da gefen mayafin wani mamaci, sannan su buɗe shago. Ba boka Senga ke bi ba, ba kuma aljanu gare ta ba. Magani ne ke kawo mata miji, kuma likita ne ya rubuta shi.

Uban Senga ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, uwarta tana liƙa takarda a jikin kwalaben giya, ita kuma ta bar makaranta ta shiga ɗinkin labule. A wurin rawa ta haɗu da Gordie. Ba kyau ne da shi ba, kunnuwansa ma kamar mariƙin kofi suke, amma yana iya kwaikwayon muryar kowa, daga fasto har ɗan sandan unguwa, kuma in ya sa mutum dariya sai ya nemi bango ya dafa. Suka yi aure. Tashar ta rage ma'aikata, aka sallame shi, sai hodar nan ta maye da ake tsirawa da allura ta shigo unguwa ta same shi a zaune. A lokacin sirinji ya yi wuyar samu, guda ɗaya kan zagaye ɗaki. Senga ba ta taɓa tsira wa kanta allura ba, ta asibiti ma sai an riƙe ta. A gadon aurenta ta sami nata rabon. Da aka gwada su, likitan ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa, ya ce ƙanjamau ne, su gyara abin da za su gyara, shekara biyu in an yi sa'a.

Gordie ya cika maganar likita, ko da yake a makare kamar yadda ya saba. Senga ta zauna jiran nata lokacin. Ta kyautar da keken ɗinkinta, ta ba maƙwabciya tukwanenta, ta zaɓi waƙar da za a rera mata a coci. Mutuwa ta shigo benensu ta ɗauki na sama, ta ɗauki na ƙasa, ta tsallake ƙofarta. Can sai ga sababbin magunguna sun fito, aka ce mata ta ci gaba da rayuwa, sai ka ce wani abu ne ta ajiye a aljihu da za ta ciro. Dole ta je ta roƙo tukwanenta, maƙwabciyar kuwa ta hana biyu.

An yi ta canza mata magunguna kafin a dace. Cikin waɗanda aka tsaya a kansu akwai wata ƙwaya babba mai ruwan ɗorawa, ana shan ta kafin kwanciya. Ta yi aikinta, aka danne cutar har gwaji ya daina ganin ta. Nas Ishbel, wadda ke duba Senga a asibiti shekara da shekaru, ta ja mata kunne da abu biyu. Ƙwayar kan kawo mafarkai masu nauyi. Sannan da cikin wofi ake shan ta, kada a kuskura a haɗa da abinci mai maiƙo, don maiƙo kan sa ta hau kai fiye da kima. Senga mai bin doka ce in ta ga dama. Ta bi, mafarkan suka zo dishi-dishi suka wuce.

Sai ranar bikin 'yar Netta. Aka ci gasasshen nama da dankali mai man shanu har aka kwance maɓalli, Senga ta dawo gida ta haɗiye ƙwayarta ta kwanta. Gordie ya shigo kicin da kunnuwansa, da jikinsa na kafin ciwo, ya buɗe firji ya ce, "Ke, wai babu madara a gidan nan?" Har ƙamshin man gashinsa ta ji. Ta farka tana dariya, matashin kanta a jiƙe.

Washegari ta sha da cikin wofi, bai zo ba. Ta gwada da burodi da bota, ya leƙo ta taga ya wuce. Ta gwada da soyayyen kifi da dankalin Silvano, mai suya a kwanar titinsu, Gordie ya zo ya zauna har ya cire takalmi. Daga ranar Senga ta gane hanya. Kullum da yamma tana kan layin Silvano, a naɗe mata kifinta a takarda da gishiri da miyar tsami, ta kai gida ta cinye tas, ta bi shi da ƙwayar tun yatsunta na maiƙo. Silvano, bawan Allah, ya ɗauka hannunsa ne ya yi albarka. Yana ƙara mata guntattakin ƙullu kyauta, yana nuna ta ga sauran masu saye yana cewa ga macen da ta san kifi.

Netta ta san sirrin tun makon farko, kuma ba ta gaya wa kowa ba, sai ma ta shiga ba da saƙo. A tambaye shi wa ya fasa agogon Baba. A gaya masa ƙungiyarsa ta ƙwallo ta sake shan kashi a gida. A ce masa jikarta ta kwaso kunnuwansa, Allah ya isa. Wa zai ga laifinta? Ƙani ɗaya gare ta, kuma a hannunta ya girma.

Abin da su biyun ba su lura da shi ba shi ne, maganin da ya hau kai da dare ba ya sauka da safe. Sannu a hankali Senga ta soma tashi da jiri, kanta nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo. Sai ta sa wa takalmi alamar farashin riga, ta ajiye makullin shago a cikin firji. Wannan duk abin dariya ne, kuma sun yi dariyar. Amma ta daina zuwa wasan bingo, 'yar cacar lambobin nan ta ranar Juma'a, wanda da can ko zazzaɓi ba ya hana ta. Ta daina rini, farin layi ya fito a tsakiyar kanta yana faɗi. Da bazara, lokacin da rana ke ƙin faɗuwa yara na ta wasa a titi, ita ta riga ta ja labule ta kwanta. Wata rana Netta ta same ta zaune gaban buhu tana kuka a kan safar hannu ta yaro, wai ƙwaya ɗaya ce babu 'yar uwarta. Yini ya zame mata zaman jiran mota, kuma duk wanda ya yi mata magana cikin jiran ya takura mata ne.

Idan ta je asibiti kuwa, lafiya lau. Ta san tambayoyin Ishbel, ta san amsar da ke sa a sallame ta da wuri.

Ranar da abin ya fito fili, wata mata ce 'yar gayu ta shigo daga unguwar masu hali. Ta ɗaga wata rigar siliki da yatsa biyu, ta yatsina fuska.

"Kuna dai wanke su da kyau ko? Mutum bai san irin ciwon da ya kashe masu su ba."

Takalmi ne a hannun Senga, na maza, mai nauyi. Ta wurga shi. Ya wuce kunnen matar, ya sami kantar butocin shayi, uku suka sauko. Matar ta fita a guje da rigar a hannunta, sai da ta kai bakin titi ta tuna ta jefo ta ciki.

Netta ta kulle ƙofa, ta share fasassun butoci, ta ja Senga ɗakin baya.

"Da can da baki kike jifa, Amarya, kuma ba kya kuskure. Yau kin yi da takalmi kin sami buta."

"Hannuna ne ya goce."

"Na gode wa Allah da ya goce. Me ke damun ki?"

"Babu komai. Gajiya ce." Senga ta juya cokali a cikin shayin da ba ta sha ba, sannan ta yi wata 'yar dariya. "Yaya, kin san lissafin da nake yi kwanan nan? Guda ɗaya tana kai ni wurinsa zuwa wayewar gari. To kwalbar duka fa? Ai sai kawai na tare."

Ta jira dariya. Netta ba ta yi ba. Ta dai cire gilashinta ta goge ta mayar, ta kalli matar ƙaninta kamar yau ta fara ganin ta, tsoro ya kama ta. Da suka tashi ta bi ta gida ba gayyata, ta shiga banɗaki ta kwashe magungunan ta zuba a jakarta, ta bar mata na ranar a kan faranti. Ta buga wa asibiti waya a tsaye, a gaban idonta. Senga ta kira ta sunaye da dama, har da waɗanda tun zamanin 'yan dakon tashar jiragen ruwa ba a sake jin su a Leith ba. Netta ta ce ta ji, ina bargon baƙi yake?

Washegari suka shiga ɗakin Ishbel tare. Ishbel mace ce mai jiki, mai sanyin murya, wadda ta raka mutane da yawa har bakin kabari a shekarun baya, ta kuma ga waɗanda suka dawo daga can. Ta dubi Netta, ta dubi jakar da ta rungume a cinya, ta juya ga Senga.

"Yaya barci?"

"Kamar jaririya."

"Mafarki fa?"

"Ba na ma tunawa."

"Zuciya fa? Babu abin da ke damun ki?"

"Damuwata ɗaya ce, ga ta nan zaune da jaka."

"Ƙarya take yi, 'yar nan," in ji Netta. "Kullum sai ta ci kifin Silvano ta bi shi da ƙwayar nan mai ruwan ɗorawa. Mijinta ke zuwa."

"Wane mijin?"

"Ƙanina. Marigayi."

Ishbel ta ajiye alƙalami a hankali. "Senga Kinnear. Shekara nawa ina neman ƙofar da kitsen nan ke bi yana shiga jininki? Na hana ki cuku, na hana ki biskit, kina ce mini kayan gona kike ci."

"To dankali a ina yake fitowa? A teku?"

Ishbel ta so ta yi dariya, ta kusa ma. Sai Netta ta faɗi maganar kwalba, kalma da kalma. Ishbel ta jawo kujerarta har gwiwarta ta taɓa ta Senga.

"Zan tambaye ki kai tsaye, ki ba ni amsa kai tsaye. Kina tunanin kashe kanki?"

Senga ta daɗe tana kallon hoton huhu da ke jikin bango. "Ban sani ba," ta ce. "Ba mutuwar nake so ba. Ban dai ga abin da nake yi a nan da rana ba."

"To saurara. Wannan duhun da kike ji, wani nasa maganin ne, yana yi wa wasu haka ko babu kifi, ke kuma kin ninka shi da hannunki. Wani kuma tsoho ne, kin daɗe da shi, ba ke kaɗai ba a cikin waɗanda suka tsira. Ba hauka ba ne, ba kuma rashin godiya ba ne. Akwai wata ƙwayar da za ta tsare ki ba tare da ta taɓa miki kai ba. Akwai kuma wadda aikinta ke nan ta zauna da ke ki yi magana."

"In aka canza, zai daina zuwa?"

"Mai yiwuwa."

"Kar ki kalli takalminki, Ishbel, an taɓa yi mini. Zai daina ko ba zai daina ba?"

Ishbel ta ɗago. "Zai daina."

Senga ta juya kan Netta da duk fushin da ya rage mata. "Kin ji ko? Ke ma kin rasa shi ke nan. Babu sauran saƙo, babu agogon Baba, babu komai. Kin yi wa kanki."

"Na sani," in ji Netta. "Shi na riga na binne shi. Ke ce ban shirya binnewa ba."

"Ke kika binne shi. Ni ban binne kowa ba." Muryar Senga ta sauka. "Ranar nan ina tsaye bakin ramin, wurin da za a sa ni nake dubawa, ina cewa gefen nan ya fi samun rana. Ko baƙin kaya ban sa ba, na bar wa masu zuwa tawa jana'izar. Ce masa na yi ya riƙe mini wuri, ina tafe kafin Kirsimeti. Wa ke kukan wanda ya riga shi shiga mota alhali shi ma tasa na hanya?"

Ishbel ta miƙa mata takardar share hanci, Senga ta ce ba ta buƙata, ta karɓa.

"Sabuwar sai gobe, in likita ya gan ki ya sa hannu," in ji Ishbel daga baya. "Daren yau tsohuwar za ki sha, kar a tsallake. Da cikin wofi."

"Na ji."

"Ba ki ji ba, na san ki. Netta, ki sake kwana a can. Jakar nan kuma kar ta bar hannunki."

Ai kuwa ba ta ji ba. Tunda bankwana ne, Senga ta ce za a yi shi yadda ya kamata. Ta sayo rini, Netta ta shafa mata a kan kwamin wanke-wanke tana mita. Ta goge kicin ƙal, ta sayo madara kwali biyu. A wurin Silvano ta ce kifi biyu, da tsiran nama a ƙullu, da duk guntattakin da ke cikin kasko. Silvano ya dafa ƙirji ya tambaya ko baƙo za ta yi. Ta ce eh, kuma mai ci ne. A teburin cin abinci ta yi ta bitar abin da za ta gaya masa: cewa ba ta zuwa kafin Kirsimetin bana ma, cewa ya saki wurin da ya riƙe mata ya ba wani, cewa ta yafe masa, ko da yake wannan ba ta gama yanke shawara ba. Netta ma ta ba da nata saƙon, ta janye, ta sake bayarwa. Daga ƙarshe ta ce a dai gaya masa ya tsefe gashinsa.

Da gari ya waye Netta ta riga ta tashi, ta haɗa shayi, ta zauna ta zuba wa ƙofar ɗakin ido. Senga ta fito da jan gashinta a tsaitsaye, ta ja kujera ta zauna. Ta kurɓi shayi. Ta sake kurɓa.

"Ke, kar ki kashe ni. Me ya ce?"

"Doki."

"Doki ya ce?"

"Doki na gani. Na kwana a layin gidan waya, bayan wani doki sanye da hular da mahaifiyata ke zuwa coci da ita. Wai fakiti zai aika garin Aberdeen, kuma bai san adireshin ba. Har gari ya waye layin bai motsa ba."

"Gordie fa?"

"Ko ƙeyarsa."

Netta ta ajiye kofinta. "Kifi biyu," ta ce a hankali. "Da tsiran nama."

"Da rini. Da madara."

Ba a san wadda ta fara ba. Dariya ta kama su irin wadda ke hana numfashi, Netta na dukan tebur, Senga ta kifa kai a kan hannunta kafaɗunta na girgiza, har dariyar ta juye ta zama wani abin dabam ba tare da kowa ya ga lokacin da ta juye ba.

"Ranar aurenku ma a mashaya aka samo shi," in ji Netta tana jan hanci. "Fasto har ya cire rigarsa."

"Ranar da aka sallamo ni daga asibiti ma bai zo ba. A bas na dawo." Senga ta share fuska da hannun rigar barcinta. "Dama ina ta mamaki, Yaya. Wancan na kullum, da an kira shi ya zo, kan lokaci, da fara'a. Yaushe Gordie ya koyi wannan? Na jiya dai, shi ne nawa."

Suka tafi asibiti. Sabuwar ƙwayar 'yar ƙarama ce fara, ba ta da wani kwarjini, kuma ba ruwanta da abin da mutum ya ci. Senga ta juya ta a tafin hannu ta ce wannan ko kyanwa ba za ta kawo ba. Ta haɗiye.

Ba a rana ɗaya duhun ya yaye ba, kuma bai yaye duka ba. Jirin ne ya fara tafiya. Makulli ya bar firji. Kowace Talata tana zuwa wurin mai sauraron da Ishbel ta haɗa ta da ita, wata matashiya mai suna Mhairi da ba ta gajiya da shiru. Makon farko Senga ba ta gaya mata komai ba sai cewa siket ɗinta ya yi mata yawa a ƙugu. Mako na uku ta yi magana har lokaci ya ƙare ba ta sani ba. Ta koma bingo ta yi rigima da mai kiran lamba, abin da ya faranta ran Netta fiye da a ce sun ci. Silvano ne kawai bai gane ba. In ta wuce ta ɗaga masa hannu, sai ya bi ta da kallo ta gilashi, yana tambayar matarsa ko man suyarsa ne ya canza.

Barcinta kuwa ya zama fili fetal, ta kwanta ta tashi babu kowa. Wannan ya yi mata ciwo, ciwo sosai, kuma ba ta ɓoye ba. Sai dai da rana abubuwa suka soma dawo mata waɗanda mafarkin bai taɓa kawowa ba. Ranar da ya sayar da zoben uwarta. Yadda ya rame har agogo ke zamewa zuwa gwiwar hannunsa. Yadda a satinsa na ƙarshe, da muryar da ta kusa ƙarewa, ya kwaikwayi likitan nan mai kallon takalmi don kawai ta yi dariya, ta kuwa yi. Wani lokaci tana cikin ninke riga sai ta ji haushinsa ya taso mata har wuya, kafin ta gama ninkewa kuma kewarsa ta danne haushin.

Wata safiya da sanyi ya fara shigowa, aka ajiye musu buhu a bakin ƙofa. Netta ta shiga baya ɗora buta, Senga ta kwance buhun. Kayan wata tsohuwa ne, a goge a ninke, suna ƙamshin sabulu. A tsakiya akwai baƙar suwaita mai maɓallai, ba ado ko ɗaya. Senga ta ɗaga ta ta duba, ta cire tata mai furanni ta rataye, ta sa baƙar, ta ɓalla maɓallan har wuya.

Netta ta fito da kofi biyu a hannu.

"Baƙi ba ya karɓar ki, Amarya. Wa ya mutu?"

"Ƙaninki."

Netta ta tsaya cak har shayin ya soma zuba a yatsunta. Sannan ta ajiye kofunan a kan tebur, ta je ta murɗa makullin ƙofar shagon, ta dawo ta durƙusa gaban buhun da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara, ta zura hannu tana tono.

"Matsa," ta ce. "Ai ba ke kaɗai aka yi wa rasuwa ba."